WALIYYA MONIKA, UWAR IYAYE MATA

Kowace shekara ran 27 ga watan Agusta Ekklisiya takan tuna da Waliyya Monika, kashegari kuma, ran 28, ta tuna da ɗanta Waliyyi Agustin. A dā ran 4 ga Mayu ake idinta. A shekara ta 1969 ne aka kawo shi kusa da na ɗanta, domin uwa ta wuce gaba, ɗa ya biyo baya, kamar yadda ya kasance a zamansu na duniya.

Mu mutanen Dayosis na Kano muna da dalili na musamman na sanin wannan baiwar Allah. Bishop ɗinmu na fari, marigayi Patrick Francis Sheehan, da Bishop John Namaza Niyiring wanda ya gaje shi a shekara ta 2008, dukansu 'yan ƙungiyar Waliyyi Agustin ne. Haka nan Paparoma Leo na 14, wanda aka zaɓa a watan Mayu na 2025. In kuwa makiyayanmu 'ya'yan Agustin ne cikin ruhu, ashe mu jikokin Monika ne.

Abin da yawancinmu muka sani game da ita shi ne hawayen da ta zubar saboda ɗanta bayan ya girma ya bauɗe. Amma kafin shekarun hawaye an yi shekarun goyo, na shayarwa da rarrashi da rashin barci, waɗanda ba a cika ambatonsu a wa'azi ba. A cikinsu ne aka shuka abin da ya komo da Agustin gida. Ita ma Monika wata mace ce ta rene ta, waɗansu matan kuma suka jingina da ita. Saboda haka tarihinta yana da abin da zai koya mana game da yadda ya kamata jama'ar Allah ta tsaya wa mace mai ƙananan yara. Kusan duk abin da aka sani a kanta ya fito ne daga rubuce-rubucen ɗanta, musamman littafinsa mai suna Confessiones, wato Furci, wanda ya fara rubutawa wajen shekara 10 bayan rasuwarta.

HAIHUWARTA DA TARBIYYARTA

An haifi Monika wajen shekara ta 331 a Tagaste, wani ƙaramin gari a Afirka ta Arewa, inda birnin Suk Ahras na ƙasar Aljeriya yake yau. 'Yar Afirka ce kamar mu. A lokacin ƙasar tana ƙarƙashin mulkin Romawa, kuma bai fi shekara 20 ba da daina tsananta wa Kirista. Iyayenta masu bi ne, amma sa'ad da ta girma tana ba 'ya'yanta labarin ƙuruciyarta, wadda ta fi yabo ita ce wata tsohuwar baiwa ta gidan. Wannan tsohuwa ita ta goyi mahaifin Monika yana jariri, don haka ake ganin girmanta, aka kuma danƙa mata tarbiyyar 'yan matan gidan.

Tsohuwar tana da tsanani, tana da hikima kuma. Ba ta barin yaran su sha ko da ruwa in ba lokacin cin abinci ba, kome ƙishirwa. Dalilinta shi ne, yarinyar da ba ta iya daurewa a gaban randar ruwa ba, ranar da ta yi aure aka ba ta mabuɗin ɗakin ajiya, ba za ta iya daurewa a gaban tulun ruwan inabi ba.

Ba a daɗe ba maganarta ta tabbata. Da Monika ta tasa, iyayenta sukan aike ta ɗebo ruwan inabi domin abinci. Ta fara da ɗanɗanawa a bakin leɓe don wasa irin na yara, kullum tana ƙarawa kaɗan-kaɗan, har ta kai tana shanye kusan ƙoƙo guda. Wata rana faɗa ya haɗa ta da wata kuyanga da takan raka ta, kuyangar ta yi mata gori, ta kira ta mashayiya. Gorin ya soke ta har zuciya, daga ranar ta daina. Monika ba ta ɓoye wa ɗanta wannan labari ba, da bakinta ta gaya masa.

GIDAN AURE

Da ta isa aure aka ba da ita ga Patrisiyus, ɗan majalisar garin Tagaste, mai 'yar gona da rufin asiri daidai gwargwado. Ba Kirista ba ne. Mutum ne mai alheri in yana cikin daɗin rai, amma mai zafin zuciya, ba ya kuma tsare amanar aure. Monika ta koyi halinsa. In ya husata ba ta tanka masa, sai ta bari ya huce tukuna, sa'an nan ta bayyana masa dalilin abin da ta yi.

Uwar mijin ma da fari ba ta sonta, gama bayin gidan suna kai gulma suna kawowa. Monika ta yi ta yi mata biyayya da ladabi har tsohuwar ta gane gaskiya, ta kai ƙarar magulmatan wurin ɗanta da kanta, aka hore su. Daga nan suka zauna lafiya har mutuwa ta raba. Agustin ya shaida wani halin uwarsa kuma: in mata biyu da ba sa ga maciji suka zo mata ɗaya bayan ɗaya, kowace tana zagin 'yar'uwarta, ba ta kai wa ɗayar kome sai abin da zai kawo sulhu.

Matan garin da yawa suna yawo da tabon duka a fuska, har waɗanda mazansu ba su kai Patrisiyus zafi ba. Sukan zo wurin Monika su kai kukansu, suna mamakin yadda ba a taɓa jin mijinta ya ɗaga mata hannu ba. Takan ba su shawara su kame harshe a lokacin fushi, waɗanda suka bi kuwa sukan dawo su yi mata godiya.

A nan wajibi ne a yi bayani, don kada a fahimci labarin a karkace. Monika ta yi zamani ne da doka ta ba miji iko bisa matarsa kusan kamar na ubangida bisa baiwa, shawararta kuma dabarar tsira ce a irin wannan hali. Ekklisiya ba ta koyar da cewa mace ta yi shiru ana dukanta. Aure alkawari ne mai tsarki tsakanin mutum biyu masu daraja ɗaya a gaban Allah, mijin da ya doki matarsa kuwa ya yi zunubi. Duk wadda take cikin wannan wahala ta zo ta faɗa wa Fada ko shugabannin mata. Abin da za mu ɗauka daga Tagaste shi ne, matan nan sun sami ƙofar da za su ƙwanƙwasa, da 'yar'uwa mai riƙe asiri. Hausawa sun ce ciwon 'ya mace na 'ya mace ne.

SHEKARUN GOYO

Allah ya ba Monika 'ya'ya uku da aka sani: Agustin, wanda aka haifa ran 13 ga Nuwamba na 354, da Nabijiyus, da 'ya mace guda wadda daga baya, bayan mutuwar mijinta, ta shugabanci gidan mata masu keɓe kai ga Allah a birnin Hippo.

Tun Agustin yana jariri ta kai shi coci, aka yi masa alamar gicciye a goshi, aka sa masa gishiri mai albarka a baki, alamar an rubuta shi cikin masu koyon addini. Maigida ba ya zuwa coci, amma duk sauran mutanen gidan masu bi ne, Monika kuma ta dage a kan yaron ya san Allah shi ne Ubansa na gaskiya. Agustin ya ce ya sha sunan Yesu tare da nonon uwarsa, sunan kuma ya zauna can cikin ƙasan zuciyarsa.

Wata rana yana yaro ciwon ciki mai tsanani ya kama shi, har aka fid da rai. Da bakinsa ya roƙi a yi masa baftisma. Uwar ta tashi hankali a tashe tana shirya kome, sai kwatsam ya sami sauƙi, aka ɗaga baftismar. Al'adar mutane da yawa ke nan a lokacin, suna jinkirtawa har ƙuruciya ta wuce, don tsoron kada mutum ya yi babban zunubi bayan an wanke shi. Da Agustin ya zama bishop ya dubi baya, ya ga da an yi masa tun a lokacin da ya fi masa. Yau Ekklisiya ta daidaita wannan magana: doka ta 867 cikin kundin dokokinta na 1983 ta umarci iyaye su nema wa jariransu baftisma cikin makonnin farko bayan haihuwa.

Iyayen biyu sun ga yaron yana da kaifin basira, suka ƙuduri aniyar ba shi ilmi kome tsadarsa. Aka kai shi makaranta a Madaura. Yana shekara 16 kuɗi suka yanke, ya dawo gida ya yi shekara guda ba aiki ba karatu, ya faɗa cikin abokan banza. Monika ta keɓe shi ta gargaɗe shi game da fasikanci, musamman matan aure, amma ya ɗauki maganar a matsayin surutun mata. Shi kansa ya lura daga baya cewa uwar tasa ba ta nemi yi masa aure a lokacin ba, domin tana tsoron kada aure ya tare masa hanyar ɗaukaka. Ita ma tana da burin duniya a kan ɗanta, kamar kowace uwa.

ƊA YA BAUƊE

Wajen shekara ta 371 Patrisiyus ya rasu. Kafin rasuwarsa ya karɓi baftisma, bayan shekarun da matarsa ta yi tana yi masa wa'azi da halinta. Monika tana da kimanin shekara 40, ba ta sake aure ba. Da taimakon wani attajirin garin mai suna Romaniyanus, Agustin ya ci gaba da karatun balaga a Kartaj, kusa da birnin Tunis na yanzu. A can ya ajiye mace ba tare da aure ba, ta haifa masa ɗa mai suna Adeodatus, wato Kyautar Allah.

Yana shekara 19 ya karanta wani littafin Sisero, masanin Romawa, wanda ya cusa masa ƙaunar hikima. Littafin ya burge shi ƙwarai, amma abu guda ya rage masa zafi: bai sami sunan Yesu a ciki ba. Ku lura da wannan, ya ku iyaye mata. Saurayin da ya yi nisa da coci, yana tsakiyar holewa, har yanzu kunnensa yana neman sunan da ya ji a bayan uwarsa. Ko da ya faɗa hannun Manikiyawa, masu koyar da cewa akwai iko biyu madawwama, na haske da na duhu, abin da ya ja shi har da yawan ambaton sunan Yesu da suke yi. Ya yi shekara 9 a cikinsu.

Da ya dawo Tagaste da wannan koyarwa, Monika ta hana shi zama a gidanta da cin abinci tare da ita. Sai ta yi mafarki tana tsaye bisa wani katakon awo tana kuka, wani saurayi mai haske ya nuna mata cewa ɗanta yana tsaye tare da ita a wuri guda. Da ta ba shi labari ya so ya juya fassarar, wai ita ce za ta komo inda yake. Nan take ta gyara masa, ta ce shi ne aka nuna zai zo inda take. Bayan wannan ta buɗe masa ƙofa.

Ta je wurin wani bishop, wanda shi ma ya tashi cikin Manikiyawa kafin ya bar su, ta roƙe shi ya yi muhawara da ɗanta. Bishop ya ƙi, ya ce yaron bai shirya sauraro ba tukuna, girman kai ya cika shi, ta bar shi ta yi ta addu'a kawai. Ta nace tana kuka har ya gaji, ya sallame ta da tabbacin cewa ɗan da aka zubar wa hawaye haka ba zai hallaka ba. Ta riƙe wannan magana kamar daga sama ta zo.

A shekara ta 383 Agustin ya shirya tafiya Roma. Uwar ta bi shi har bakin teku, ko ya fasa ko su tafi tare. Ya yaudare ta da cewa abokinsa yake rakiya, ya lallashe ta ta kwana a wani ɗakin addu'a na tunawa da Waliyyi Sipiriyan kusa da tashar jiragen ruwa. Cikin dare jirgi ya tashi da shi. Gari ya waye ta tarar ba kowa. Ta yi kuka, ta koma gida, ta ci gaba da zuwa coci safe da yamma.

A BIRNIN MILAN

A shekara ta 384 Agustin ya sami babban matsayi na malamin balaga a Milan, inda fadar sarkin Romawa take a lokacin. A shekara ta 385 Monika ta haye teku ta bi shi. Hadari ya taso musu a hanya, har ya zama ita ce take ƙarfafa matuƙan jirgin. Ta tarar ya rabu da Manikiyawa, yana kuma zuwa sauraron wa'azin Bishop Ambros, ko da yake bai ba da gaskiya ba tukuna.

Ta ƙaunaci Ambros ƙwarai, shi ma yakan yaba ta a gaban ɗanta. A Afirka ta saba kai fate da gurasa da ɗan ruwan inabi kaburburan shahidai, amma da mai gadin ƙofa ya gaya mata bishop ya hana, ta bari ba gardama. A shekara ta 386 Yustina, uwar yaron sarki, ta so ƙwace wani coci ta ba mabiyan Ariyus, waɗanda ba su yarda Yesu Allah ne daidai da Uba ba. Jama'a suka shiga cocin suka kwana a ciki tare da bishop ɗinsu, sojoji na kewaye da su, suna raira zabura da waƙoƙi don kada zuciya ta karaya. Monika tana sahun gaba cikin masu tsaron nan.

Akwai wani al'amari mai nauyi da ya faru a Milan. Monika ta nema wa ɗanta auren wata yarinya 'yar gidan mutunci, da fatan aure zai kai shi ga baftisma. Saboda haka aka raba shi da uwar Adeodatus, wadda suka yi wajen shekara 15 tare. Matar ta koma Afirka ita kaɗai, ta bar ɗanta a baya, ta yi wa Allah alkawari ba za ta ƙara sanin wani namiji ba. Ko sunanta tarihi bai riƙe ba. Ita ma uwa ce, ya kamata mu tuna da ita duk lokacin da muke ba da wannan labari.

Auren ma bai yiwu ba. A watan Agusta na 386, a wani lambu, Agustin ya buɗe wasiƙar Bulus zuwa ga Romawa sura 13, ya karanta, zuciyarsa ta juyo sarai. Shi da abokinsa Alipiyus suka shiga gida, wadda suka fara gaya wa ita ce Monika. Daga nan suka koma wani gidan gona a Kasisiyakum tare da 'yan'uwa da almajirai. Ita take kula da su duka kamar ita ta haife su, tana kuma sa baki cikin muhawararsu ta ilmi, har ɗanta ya rubuta amsoshinta cikin littattafansa yana yaba hikimarta. A daren Ista na 387, tsakanin 24 da 25 ga Afrilu, Ambros ya yi wa Agustin da Adeodatus da Alipiyus baftisma. Shekara 32 ke nan da 'yan watanni tun ranar da ta haife shi.

RASUWARTA

Suka kama hanyar komawa Afirka, suka sauka a Ostiya, tashar jiragen ruwa ta Roma. Wata rana uwa da ɗa suka jingina a taga mai duban lambu, suna zancen rai madawwami, har zukatansu suka ɗaukaka suka ɗanɗani zaƙinsa na ɗan lokaci. A nan ta gaya masa ba ta da sauran buri a duniya, gama abin da ya sa take son ta daɗe shi ne ta gan shi Kirista ɗan Katolika, Allah kuwa ya ba ta fiye da haka.

Bayan kamar kwana 5 zazzaɓi ya kwantar da ita. Tun da daɗewa ta tanadi kabari kusa da na mijinta a Tagaste, Nabijiyus kuma ya nuna damuwa kada ta mutu a baƙuwar ƙasa. Ta ce su binne ta ko'ina, kada wannan ya dame su, abu guda take roƙo, su riƙa tunawa da ita a gaban bagaden Ubangiji duk inda suke. A rana ta 9 ta ciwon ta cika, tana cikin shekara ta 56 da haihuwa. Agustin ya rufe mata ido, jikanta Adeodatus ya fashe da kuka.

Agustin ya zama firist a 391, daga baya bishop na Hippo, ya rasu a 430, yana cikin manyan malaman Ekklisiya har yau. A shekara ta 1430 Paparoma Martin na 5 ya sa aka ɗauko ƙasusuwan Monika zuwa Roma, suna nan a cocin Waliyyi Agustin. A 1945 kuma waɗansu yara biyu suna haƙa rami a Ostiya suka tono wani ɓangare na dutsen da aka rubuta a kabarinta.

YADDA ZUMUNTAR IYAYE MATA TA BUNƘASA

Abin da Monika ta yi wa matan Tagaste a zaurenta, daga baya ya zama aiki mai tsari cikin Ekklisiya. Ran 1 ga Mayu na 1850, a birnin Lil na ƙasar Faransa, wata matar aure mai suna Louise Josson de Bilhem ta tara waɗansu iyaye mata, suka yi alkawari za su riƙa haɗuwa suna yi wa 'ya'yan juna addu'a, suna shawara a kan tarbiyya. Fada Theodore Ratisbonne ya zama jagoransu na ruhaniya. A 1856 Paparoma Piyus na 9 ya ɗaukaka ƙungiyar, ya ba ta ikon haɗa rassa, cibiyarta tana Paris. Ta bazu zuwa Jamus, ta haye zuwa Amurka, inda aka kafa wata cibiya a 1881 a cocin Waliyyi Agustin na birnin Pittsburgh. Sun sa kansu ƙarƙashin Maryamu Uwar Baƙin Ciki, Monika kuma tana cikin waliyyan da suke koyi da su. 'Yan'uwanmu na Angalikan ma sun sami tasu a 1876, sa'ad da Mary Sumner ta tara matan majami'ar mijinta a Ingila bayan 'yarta ta yi haihuwar fari.

A Nijeriya ana samun Ƙungiyar Iyaye Mata Kirista a majami'u da yawa. A nan Arewa kuwa muna da Zumuntar Mata Katolika, waɗanda kowa ya san su da anko da waƙa da kiɗan tulu, da zuwa barka da gaisuwar mutuwa da dubiyar marasa lafiya. Tushen wannan aiki yana cikin Littafi Mai Tsarki. Maryamu ta tafi wurin Alisabatu mai tsohon ciki ta zauna da ita wajen wata 3. Bulus kuma, a sura 2 ta wasiƙarsa zuwa ga Titus, ya ɗora wa tsofaffin mata nauyin koya wa ƙananan mata yadda za su riƙe gida da 'ya'ya.

MU A GYADI-GYADI DA TARAUNI

A ƙauye mai haihuwar fari takan tafi goyon ciki gidan iyayenta. Akwai ungozoma, akwai kaka mai dafa ruwan wanka, akwai gwaggo mai karɓar jariri har a yi arba'in. Amma ku dubi 'yan'uwanmu mata da aure ko aiki ya kawo su Gyadi-Gyadi da Tarauni da Unguwa Uku, daga Kudancin Kaduna ko Filato ko Binuwai ko ƙauyukan kudancin jihar Kano. Da yawa suna ɗakin haya guda, miji ya fita tun asuba, uwa tana can nesa, ga goyo a baya ga na yaye a hannu. Zuwa Mas ran Lahadi sai an yi lissafin kuɗin adaidaita sahu. Sau da yawa maƙwabtanmu Musulmi ne suke fara shigowa da barka da kunu, Allah ya sāka musu da alheri. Abin kunya ne a ce jama'arta ta coci ba su san ta haihu ba sai ranar baftisma.

Irin wannan mace takan daina zuwa taron Zumunta, domin yaro yana kuka ana harararta. In ta ɓace shekara 3 ko 4, shekarun da ɗanta ya fi bukatar jin sunan Yesu ke nan suka wuce. Icce kuwa tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Saboda haka ga roƙona ga shugabannin Zumuntar Mata da katekist na kowace majami'a. A rubuta sunan kowace mai ciki da mai jego a unguwa, a ba ta manyan mata biyu da za su riƙa leƙa ta har ta yi arba'in, su raka ta awon ciki da rigakafin yara. Matan unguwa ɗaya su riƙa haɗuwa a gidan ɗayarsu sau ɗaya a mako, a yi rosari, a koya wa yara alamar gicciye da Addu'ar Ubangiji, kowace ta faɗi damuwarta, abin da aka faɗa kuma ya tsaya a ɗakin. A lokacin Mas, wadda ta yaye nata ta karɓi jaririn 'yar'uwarta don ita ma ta sami sauraron Maganar Allah. A ajiye ɗan asusu domin magani da kuɗin mota. Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano yana nan kan titin Zariya a tsakiyarmu, mata sukan zo daga garuruwa masu nisa suna jinyar 'ya'yansu ba su da kowa a Kano, a je a duba su ba tare da tambayar addininsu ba. Yarinyar da ta haihu ba aure kuma kada a rufe mata ƙofa, a tuna da uwar Adeodatus.

Ku kuma maza, Patrisiyus ya bar wa matarsa nauyin addinin gidansa har ya kusa kabari. Kada ku jira haka. Ku ɗauki yaro, ku durƙusa tare da iyalinku da dare, ku ba matanku izini da kuɗin mota su je taro. Zumunta dai a ƙafa take.

Bari mu roƙi Allah, wanda ya ji kukan baiwarsa Monika, ya ƙarfafa dukan masu ciki da masu goyo na wannan Dayosis, ya ta'azantar da waɗanda 'ya'yansu suka bauɗe, ya kuma ba mu zuciyar ɗaukar nauyin juna, ta wurin Kristi Ubangijinmu. Amin.

Waliyya Monika, ki yi addu'a dominmu.